Martani: Shafaffu da Mai Suna Nan Daram a Harkar Fim

Wani marubuci da nake ganin girmansa, wanda zan riƙa kira Malam a nan, ya yi dogon rubutu kwanakin baya yana mana albishir cewa zamanin da babban ɗan fim zai keta haddin mace ya kwana lafiya ya wuce. Ya kafa hujja da Harvey Weinstein, attajirin furodusan nan da ke kurkuku a Amurka. Ya ce mu a ƙasar Hausa mun ma riga Turawa farkawa, domin tun 2001 Kano take da hukumar tace fina-finai, ga kuma ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Daga nan sai ya juya ya ce abin har ya fara wuce gona da iri: mace ɗaya ta buɗe baki a waya da safe, kafin la'asar mutumin da ya shekara talatin yana gina sunansa ya zama abin nuni.

Rubutun ya yi daɗin karatu, ya kuma zagaya wayoyin mutane a nan Madarunfa, har ana ta cacar baki a kansa a majalisun shayi. Sai dai lissafinsa bai fita ba. Malam ya ƙirga sau nawa aka yi hukunci, bai tsaya ya duba a kan wa hukuncin ya sauka ba, bai kuma duba yaushe ya sauka ba.

Weinstein ne babban makaminsa, don haka da shi zan fara. Gaskiya ne an ɗaure shi. A 2020 wata kotu a New York ta yanke masa shekara 23, a 2023 ta Los Angeles ta yanke masa 16. Abin da Malam ya tsallake shi ne shekarar 2015. A shekarar wata 'yar tallan kayan ƙawa 'yar Italiya ta kai ƙararsa wajen 'yan sandan New York, suka ɗaura mata na'urar naɗar murya, ta koma wurinsa, aka naɗo shi yana maganar da ke nuna ya taɓa jikinta. Ga mai ƙara, ga murya a faifai, ga 'yan sanda a tsaye, amma ofishin mai gabatar da ƙara ya ce ba za a gurfanar da shi ba. Sai a Oktoban 2017, bayan 'yan jarida biyu mata na New York Times, Jodi Kantor da Megan Twohey, sun tono zarge-zargen kusan shekara 30 da kuma kuɗin da ya riƙa biyan mata su sa hannu a takardar yin shiru, sannan asirin ya tonu. Mata sama da 80 suka fito. Ranar da ya tsaya gaban alƙali kamfaninsa ya riga ya karye, 'yan siyasar da yake tara wa kuɗi sun yi ta kansu, jikinsa ma ya ƙi. Doka ta jira sai da ya daina zama babba kafin ta gan shi. Ko a haka, a Afrilun 2024 babbar kotun jihar New York ta soke hukuncin farko, sai da matan suka sake dawowa suka maimaita labarinsu a gaban duniya.

Akwai kuma sunan da Malam bai ambata ba ko sau ɗaya, alhali duk wanda zai yi wannan magana dole ya bi ta kansa. A watan Maris na 1977 aka kama darakta Roman Polanski a Los Angeles a kan yarinya 'yar shekara 13 da ya ɗauka da sunan zai yi mata hotunan mujalla. Yana da shekara 43 a lokacin. Yarinyar ta shaida cewa giya da ƙwaya ya ba ta. Aka tuhume shi da laifuka shida, lauyoyi suka yi ciniki, ya amsa mafi sauƙi a ciki, wato saduwa da yarinyar da shekarunta ba su kai ba. Ya yi kwana 42 a gidan yarin Chino ana duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Da ya ji ƙishin-ƙishin alƙali zai mayar da shi ciki, sai ya hau jirgi a farkon Fabrairun 1978, ya ratsa ta Landan ya sauka Paris. Faransa ba ta miƙa 'yan ƙasarta ga kotun Amurka, shi kuwa yana da takardunta. (Na san a yankinmu akwai mai karatun da zai ji shekara 13 ko gezau, tunda a Nijar kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin su kai 18, jihar Maraɗi kuma tana sahun gaba. Ko shi ɗin ai ya san bambancin ɗaurin aure da ɗirka wa 'yar mutane ƙwaya.)

To me ya biyo bayan gudun? A 2002 bikin Cannes ya ba shi babbar lambarsa. A 2003 Amurkar da yake gudun kotunta ta ba shi Oscar na gwarzon darakta, manyan 'yan fim suka miƙe tsaye suna tafa wa mutumin da bai isa ya taka ƙasar ya karɓi kyautar ba. A Satumban 2009 'yan sandan Suwizalan suka tsare shi a Zurich, ya je karɓar wata lambar girmamawa. Nan da nan 'yan fim sama da 100 suka sa hannu a takardar neman a sake shi, ministocin Faransa biyu, na al'adu da na harkokin waje, suka yi ta kumfar baki. Ya yi wata biyu da 'yan kwanaki a tsare, sauran zaman ya yi shi a gidansa na hutu da ke Gstaad, a Yulin 2010 aka ce ya kama gabansa. Malam zai ce ai an kore shi daga ƙungiyar masu ba da Oscar a 2018. An kore shi, bayan shekara 41. Ba a cika shekara biyu da korar ba, a Fabrairun 2020, 'yan fim ɗin Faransa suka ba shi lambar César ta gwarzon darakta.

A daren ne jaruma Adèle Haenel ta tashi ta fice daga zauren, kuma tana da dalilinta. 'Yan watanni kafin nan ta faɗa wa jaridar Mediapart cewa daraktan da ya fara sa ta a fim, Christophe Ruggia, ya riƙa lalubar ta tun tana 'yar shekara 12. A Fabrairun 2025 kotun Paris ta same shi da laifi, ta ba shi shekara huɗu: biyu na jeka-ka-gyara-halinka, biyu a gidansa da na'ura a ƙafa. Ya ɗaukaka ƙara. Ita kuwa, da ta ci César har sau biyu, ta bar sana'ar fim. A Mayun 2025 aka samu jarumi Gérard Depardieu da laifin cin zarafin mata biyu a wurin ɗaukar fim, aka ba shi wata 18 na jeka-ka-gyara-halinka. Shi ne wanda shugaban Faransa ya fito a talabijin a ƙarshen 2023 yana cewa ƙasar tana alfahari da shi. Wannan fa ita ce Faransar da muka gaji tsarin kotunanmu daga hannunta.

Mu dawo gida, inda Malam ya fi bugun ƙirji.

Ba na musun cewa ana hukunci a Kannywood. A 2007 an ɗaure Adam A. Zango saboda faifan waƙa da rawa. A ƙarshen 2008 an ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama kan batun rajistar kamfani da sakin fim ba izinin hukuma. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma ya kwana a gidan yari a shekarar. Manyan mutane ne a sana'ar, amma a duba abin da aka tuhume su da shi: rawa, takarda, hatimi. Babu wanda aka ce ya ci zarafin kowa a shari'o'in nan. Hukumar tace fina-finai an kafa ta ne don ta tsare idon mai kallo, aikinta yana kan abin da ya fito a allo, tsawon riga da tazarar da ke tsakanin jarumi da jaruma a wajen waƙa. Abin da ke faruwa a ofishin furodusa ranar raba rol, ko a ɗakin otal bayan an naɗe kyamara a lokeshan, ba ya cikin faifan da ake kai mata.

Idan kuwa maganar ta zo kan jikin mace, an san wanda ke kwana a ciki. A 2007, lokacin abin da 'yan jarida suka laƙaba wa badaƙalar Hiyana, bidiyon sirrin wata jaruma ne ya fita wanda wani saurayi, ɗan canji a Legas, ya ɗauka da waya. Ba ita ta yaɗa shi ba. Ita aka dakatar, ita ta shiga ɓuya saboda barazana, aka kuma hana ɗaukar fim a Kano na wata shida. A tsayar da kowane ɗan kabu-kabu a tashar Madarunfa a tambaye shi sunanta, zai faɗa ba gargada. A tambaye shi sunan namijin, a gani. A Oktoban 2016 MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa, shi kuwa ya ci gaba da sana'arsa. A 2020 wata matashiyar 'yar wasa ta rasa gurbinta a wani shiri mai dogon zango bayan an yaɗa bidiyonta na sirri. Waɗannan su ne irin hukuncin da Malam ya tara ya kira tsantseni. Ni abin da na gani a cikinsu darasi ne da kowace yarinya a masana'antar ta haddace: duk ranar da sunanki ya haɗu da irin wannan magana, ko ke aka cuta, ke za ki tafi.

Kusa da kasuwarmu akwai wata rumfar cajin waya. Faifan sola a kan rufin kwano, wayoyi jere a kan katako kowace da 'yar takardar lamba manne a bayanta, wani yaro da tsohuwar kwamfuta yana tura wa mutane fina-finai a memori kan 'yan daloli. Duk shirin da ya fita a Kano da dare, kafin azahar yana rumfar. 'Yan mata masu talla sukan aje farantansu su tsaya kallo ta kafaɗar yaron, sun san sunan kowace jaruma da irin mayafin da ta yafa. A nan na ji wata tana tambayarsa ko gaskiya ne yana da lambar wani furodusa. Ya ce yana da ita, amma sai ta fara tura hotonta a gani. Daga nan zuwa Ɗan Isa ba nisa, daga Ɗan Isa sai Jibiya, sai Katsina, sai Kano. Yarinyar da ta bi wannan hanya takan isa ba dangi, sau da yawa ba da sanin iyaye ba, a ƙasar da ba tata ba. Mutum ɗaya ne zai ba ta masauki, shi zai sa ta a fim, shi zai biya ta, shi ne kuma zai iya kiran abokan sana'arsa ya ce kada a ƙara sa ta, ba ta da tarbiyya. 'Yan masana'antar da kansu suna da yadda suke faɗin abin: wance ta ƙi ba da haɗin kai. Ba na cewa kowane furodusa haka yake, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu. Ina cewa tsarin ya tara wuƙa da nama a hannun mutum ɗaya, bai kuma tanadi ƙofar da yarinyar za ta ƙwanƙwasa ba tare da ta fara tona kanta ba.

Malam ya ce rashin irin waɗannan ƙararraki a kotunan Kano da Maraɗi shaida ce ta cewa masana'antarmu ta fi ta Turawa tsabta. Wannan jumla ce ta sa na ɗauki alƙalami. Duk wanda ya girma a karkararmu ya san inda irin wannan magana take mutuwa.

Na taɓa zama a wani zaure a ɗaya daga cikin ƙauyukan gundumar nan, an kira mu sulhu. Mutumin ba ɗan fim ba ne, ɗan kasuwa ne mai hannu da shuni, yarinyar kuma mai tallan goro ce da ba ta wuce sha huɗu ba. Shi yana kan tabarma kusa da dattawa, ya sha babbar riga, wansa ne ke magana a madadinsa. Uban yarinyar yana bakin ƙofa a tsugune, yana ta murza hularsa a hannu. Ba a kawo yarinyar ba, ba a kuma kira sunan abin da aka yi mata ba ko sau ɗaya, ana dai cewa abin da ya faru. Wani dattijo ya ce ƙaddara ce, wani ya ce a rufa asiri don gobenta, wa zai aure ta idan jandarmomi suka shigo ciki. Aka miƙa kuɗi a ƙunshe da sunan na magani, aka shafa fatiha. Kafin girbi an tura ta wajen goggonta a hayin iyaka. Shi yana nan yana harkokinsa, ana ba shi wuri a sahun gaba. A littafin kowace kotu wannan laifi bai taɓa faruwa ba. Takardar yin shirun da lauyoyin Weinstein suke rubutawa, mu da goro da fatiha muke ƙulla ta, kuma tamu ta fi arha.

A takarda dokar Nijar ba ta da sassauci a kan fyaɗe, ɗauri ne daga shekara 10 har zuwa 30 gwargwadon shekarun wadda aka zalunta da yadda abin ya faru. Amma laifin da ya fi kama da abin da ake yi wa 'yan wasa, wato mai iko da ke ya matsa miki da neman lalata, gyaran dokar da aka yi a 2003 ya sa masa wata uku zuwa shekara ɗaya, da tarar jaka 20 zuwa jaka 200 na sefa. Mafi tsananin tarar ba ta kai kuɗin sabon babur ba.

Wannan rabon girma da kunya ya daɗe tare da mu. Zalika Souley ta fara fim a 1966 a hannun Moustapha Alassane, ta kuma fito a fim ɗin Oumarou Ganda da ya ci babbar lambar bikin fina-finai na FESPACO a 1972. Ba na ɗora wa waɗannan bayin Allah laifin komai. Amma sunan Ganda yana kan babbar cibiyar al'adu a Yamai, ita kuwa mutanen gari sun ɗauki rawar da ta taka a allo a matsayin halinta, suka jefe ta da ita shekara da shekaru, ta ƙare da aikatau a ƙasar waje. Sai da Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta a 2004 kafin da yawa su tuna da ita. A Nuwamban 2000 kuma, da aka yi boren ƙin bikin nunin kayan ƙawa na FIMA, a Maraɗi fushin ya sauka har a kan gidajen mata masu zaman kansu. Mazan da ke zuwa gidajen da dare ba wanda ya bi su gida.

Saura maganar ƙazafi, kuma nan Malam yana da ƙafar tsayawa. Ƙazafi babban zunubi ne, bulala 80 shari'a ta sa masa. Ana kuma yi wa mutane sharri, ana zargin wanda kotu za ta wanke. Jarumi Kevin Spacey ya rasa ayyukansa tun 2017, a 2023 kotun Landan ta wanke shi daga dukkan tuhumar da aka yi masa, shekarun da ya rasa kuwa ba mai mayar masa. Ban raina wannan ba. Amma Malam ya ɗauko tsoron Hollywood ya dasa shi a ƙasar da ba a kai wurin ba. A Fabrairun 2019, da matan Arewacin Nijeriya suka fara ba da labarinsu a ƙarƙashin taken ArewaMeToo, wadda 'yan sanda suka je suka ɗauka daga ofishinta a Kaduna ita ce Maryam Awaisu, ɗaya daga cikin masu taimaka wa matan. A wurinmu har yau mai faɗa ce ke cikin haɗari.

Addinin da ake fakewa da shi don a ce mace ta yi shiru bai ce haka ba. A Muwaɗɗa, Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi daga nan har Kano, ya tabbatar da cewa haddi yana kan wanda ya tilasta, zai kuma biya sadaki, ita wadda aka tilasta babu komai a kanta. Kowane ɗalibin zaure kuma ya san ƙissar matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, manyan Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata alfarma, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, ya kuma danganta halakar mutanen da suka gabata da ƙyale mai daraja da hukunta mai rauni. Takardar da 'yan fim suka sa wa hannu a 2009 don Polanski neman alfarma ce irin wannan, hujjarta kawai ita ce mutumin gwani ne. Mu ma muna da tamu: ai yana taimakon marayu, ai ya kai mutane Makka, ai yara nawa ke ci a ƙarƙashinsa.

Da Malam ya so misalin da ya fi kusa da gida, da ya ɗauko na Olanrewaju James, ɗan wasan Yarabawa da aka fi sani da Baba Ijesha. A Yulin 2022 wata kotu a Ikeja ta same shi da laifin cin zarafin yarinya 'yar shekara 14, hukuncin ya tsaya a zaman shekara biyar. Hukunci ne na gaske a kan sanannen mutum, kuma na yarda da shi a matsayin hujja. Sai dai a duba abin da aka tara kafin a kai nan. Akwai kyamarar tsaro da ta ɗauki abin. Mariƙiyar yarinyar sananniya ce a harkar barkwanci, tana da murya da masu sauraronta, ta kuma ƙi sulhu. Legas tana da kotu ta musamman mai sauraron irin waɗannan laifuka. Duk da haka wasu abokan sana'arsa sun fito kare shi, aka yi ta zagin matar a intanet kamar ita ce a gaban alƙali. Yarinyar da ta tashi daga rumfar cajin wayarmu ba ta da kyamara a ɗakin, ba ta da sananniyar uwa, ko katin zama a ƙasar da ta je ba ta da shi.

A cikin dogon rubutunsa Malam ya jero sunayen waɗanda aka dakatar ko aka ɗaure a masana'antar fim ɗin Hausa, kuma jerin yana da tsawo. Na bi shi ɗaya bayan ɗaya. Babu darakta ko furodusa ko ɗaya a ciki da aka hukunta saboda wata 'yar wasa ta kai kukansa. Idan yana da irin wannan suna, da shekarar da hukumar da ta yanke, ya kawo a rubutunsa na gaba.